Robar daidaita haƙora: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin a sanya wa matashi

Shekaru aru-aru, alhajin da ya sauka a Kano ko Sakkwato ko Yamai akan gane shi da zarar ya yi murmushi, domin haƙorin Makka ya riga baki ba da labari. Aiki ne na zama ɗaya: mutum ya zauna gaban mai sanyawa, ya tashi da haƙorin azurfa ko na zinare, ya kama hanyar gida.

A yau wani abu daban ne ke jan hankalin iyalai a asibitocin haƙora na Jidda, kuma shi an yi shi ne don kada a gan shi. Larabawa na ce masa taƙwim shaffaf, wato wata roba garau kamar gilashi da ake ƙera ta daidai da bakin mutum, a kifa ta a kan haƙora domin ta riƙa tura su sannu a hankali zuwa inda ake so su zauna. Ana ganin tallarta a asibitocin kuɗi, daga unguwar Madain Fahd da ke kudancin birnin har zuwa unguwannin arewa, da kuma shafukan Snapchat da Instagram da TikTok inda matasa suka fi taruwa.

Ga Hausawa mazauna Jidda da Makka, da masu zuwa Umara da iyalansu, tambayar da kan taso ita ce ko wannan roba za ta iya maye gurbin wayar ƙarfe da aka saba gani a bakin yara. Amsar ita ce tana iyawa a wasu lokuta, amma magani ce da kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, kuma nasararta ta rataya ne a kan abu uku: a gano ainihin matsalar, yaron ya riƙa sanya ta, kuma ƙwararre ya bi aikin daga farko har ƙarshe.

Mece ce matsalar da ake gyarawa?

Yaro na da haƙoran nono 20, waɗanda yakan fara famfararsu yana ɗan shekara 6. Zuwa shekara 12 ko 13 yawancin haƙoran girma sun fito, sai turame huɗu na can ƙurya da kan zo daga baya, su cika 32. Idan an rufe baki, ana so haƙoran sama su ɗan rufe na ƙasa, turame kuma su shiga juna daidai. Duk abin da ya kauce wa haka shi likitoci ke kira rashin daidaiton cizo.

Likitan haƙori Ba'amurke Edward Angle ne ya kasa matsalar gida uku a shekarar 1899, kuma har yau da rabonsa ake aiki. A kashi na farko turame na haɗuwa daidai, amma haƙoran gaba sun cunkushe, ko sun hau juna, ko sun yi tazara. A kashi na biyu haƙoran ƙasa sun ja baya, na sama sun turo gaba, har wani lokaci leɓe ba ya iya rufe su. A kashi na uku kuwa na ƙasa ne ke gaba, abin da kan sa haɓa ta fito. Bayan waɗannan akwai cizo mai zurfi, inda haƙoran sama ke lulluɓe na ƙasa har na ƙasan su taɓa ganda, da cizo buɗaɗɗe, inda haƙoran gaba ba sa haɗuwa ko an rufe baki, da kuma cizon da ya sarƙe, inda wasu haƙoran sama ke faɗawa ta cikin na ƙasa.

Gado ne kan gaba wajen haddasa matsalar, musamman girman muƙamuƙi da na haƙora. Sai dai tsotsar yatsa da ta wuce lokacinta, da yawan numfashi ta baki, da cire haƙoran nono da wuri saboda ruɓewa duk suna taka rawa. Ciwon sikila, wanda ya yawaita a Najeriya da Nijar da wasu sassan Saudiyya, na iya sa ƙashin muƙamuƙin sama ya faɗaɗa har haƙoran gaba su turo, don haka wajibi ne a sanar da likita idan yaro na ɗauke da shi.

Batun ya wuce na kyau kawai. Haƙoran da suka turo sun fi saurin karyewa idan yaro ya faɗi ko ƙwallo ta buge shi. Waɗanda suka hau juna na da wuyar gogewa. Cizo mai zurfi kan yi wa dasashi rauni. Ga kuma tsokanar abokai, wadda kan sa wasu matasa rufe baki da hannu in za su yi dariya.

Me ya sa shekarun tasowa ke da muhimmanci?

Ana iya motsa haƙori a kowace shekara, amma ƙashin muƙamuƙi ba ya karɓar gyara sai lokacin da yake girma. 'Yan mata kan yi saurin girma tsakanin shekara 10 zuwa 12, samari kuma tsakanin 12 zuwa 14, kodayake kowane yaro da nasa lokacin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muƙamuƙin ƙasa ne ya ja baya, a wannan tsakanin ne likita ke da damar yin amfani da girman jiki wajen rage tazarar. Idan lokacin ya wuce kuma tazarar na da yawa, abin da ya rage shi ne a ɓoye ta da motsa haƙora, ko a yi tiyatar muƙamuƙi bayan girma ya tsaya.

Wannan ne ya sa Ƙungiyar Likitocin Daidaita Haƙora ta Amurka ke ba da shawarar a kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara 7. Hakan ba ya nufin a fara magani nan take. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2018 kan yaran da haƙoransu na sama suka turo ya nuna cewa fara magani da wuri na rage karyewar haƙoran gaba, amma a sauran fannoni sakamakon bai fi na wanda aka jira aka yi wa aikin lokaci guda a shekarun tasowa ba.

Daga ina robar ta samo asali?

Tun a 1945 wani likita Ba'amurke mai suna Harold Kesling ya ƙera wata roba da ake cizawa domin kammala daidaita haƙora bayan an cire waya, ya kuma yi hasashen cewa jerin irin waɗannan robobi zai iya yin aikin baki ɗaya. Abin da ya hana shi ne wahalar ƙera kowace ɗaya da hannu.

Kwamfuta ce ta warware wannan. A 1997 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford, Zia Chishti da Kelsey Wirth, suka kafa kamfanin Align Technology. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da robarsu mai suna Invisalign a 1998, aka fara sayar da ita a 1999. Da farko manya aka nufa da ita. Sai a 2008 aka fitar da nau'in matasa, wanda ke da gurbin haƙoran da ba su gama fitowa ba, da wani shuɗin ɗigo da ke dusashewa gwargwadon yadda ake sanya robar. A 2017 kamfanin ya fito da nau'i mai ƙananan fukafukai a gefe da ke tura muƙamuƙin ƙasa gaba, aikin da na'urar Twin Block, wadda likita William Clark na Scotland ya ƙirƙiro a 1977, ta daɗe tana yi.

Daga ƙarshen 2017 wa'adin wasu muhimman takardun mallakar fasahar ya fara ƙarewa, kasuwa ta ƙara buɗewa. A yau akwai ClearCorrect da Spark da Angel Aligner na ƙasar Sin da Eon na Jordan, kuma wasu asibitoci kan ƙera tasu a ɗakin aikinsu. Don haka sunan da ke jikin kwali ba shi ne ma'aunin ingancin aiki ba.

Yaya take motsa haƙori?

Haƙori ba a manne yake da ƙashi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wata siririyar tantani mai jijiyoyi da ke riƙe da shi. Idan aka matsa haƙorin da ƙarfi kaɗan amma ba ƙaƙƙautawa, sai wasu ƙwayoyin halitta su riƙa cinye ƙashin da ke gefen da ake turawa, wasu kuma su riƙa gina sabo a gefen da aka baro. Haka waya ke aiki, haka ita ma roba.

Likita kan fara da duba baki, ya ɗauki hoton ƙashi na haƙora da na kai ta gefe, sannan ya ɗauki siffar baki da wata na'ura mai kama da sanda. A kwamfuta ake tsara tafiyar kowane haƙori mataki-mataki, a ƙera roba ɗaya ga kowane mataki. Kowace roba kan motsa haƙori kimanin kwatar milimita, kuma akan sauya ta bayan mako ɗaya ko biyu. Saboda haka rufe tazarar milimita 5 na iya buƙatar roba 20 ko fiye.

Akwai abubuwan da talla ba ta cika nunawa ba. Yawancin yara sai an manna musu wasu ƙananan ƙullutai masu launin haƙori domin robar ta samu abin kamawa, kuma ana iya ganinsu daga kusa. Wasu sai an haɗa musu da ƙananan zobban danƙo tsakanin sama da ƙasa. Wasu kuma sai an ɗan kankare gefen haƙora, abin da bai wuce rabin milimita ba a tsakanin haƙora biyu, domin a samu wuri. Sau da yawa bayan jerin farko ya ƙare akan sake ɗaukar siffar baki a ƙero ƙarin robobi don gyara abin da bai zauna ba.

Me take iyawa, me ke gagarar ta?

Robar ta fi ƙwarewa a cunkoso da tazara marasa tsanani, da karkatar da kan haƙori, da wasu nau'o'in buɗaɗɗen cizo. Tana shan wahala wajen juya haƙora masu zagayayyen jiki irin su fiƙa, da janyo haƙori daga cikin dasashi, da matsar da saiwa gaba ɗayanta, musamman idan an cire haƙora don samar da wuri.

Hoton da kwamfuta ke nunawa a ranar farko hasashe ne. Wani bincike da mujallar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta wallafa a 2009 ya gano cewa, a matsakaici, haƙora sun yi kashi 41 cikin 100 na tafiyar da aka tsara musu. Da aka maimaita binciken a 2020, bayan an inganta robar, adadin ya kai kashi 50 cikin 100. Wannan ba ya nufin rabin masu amfani da ita ba sa samun biyan buƙata. Abin da yake nufi shi ne likita mai gogewa yakan tsara fiye da abin da yake so, ya riƙa dubawa, ya gyara a hanya.

Idan fiƙa ta maƙale a cikin ƙashi, ko muƙamuƙi ne ya yi gajarta ko tsawo sosai, ko yaron na da tsagewar leɓe da ganda, to sau da yawa wayar ƙarfe ko wata na'ura daban ce ta fi dacewa, ko kuma a haɗa su. A Birtaniya, inda hukumar lafiya ta ƙasa ke yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 wannan aiki kyauta idan buƙatar ta lafiya ce, wayar da ake mannawa ce aka fi amfani da ita.

Sa'a 22 a kowace rana

Babban bambancin roba da waya shi ne ita roba ana iya cire ta. Nan ne alherinta yake, nan ne kuma rauninta. Ana buƙatar ta zauna a baki sa'a 20 zuwa 22 a kullum, ba a cire ta sai lokacin cin abinci da goge baki. Yaron da ke cire ta a aji saboda kunya, ko ya manta ta a aljihu bayan tara, haƙoransa za su riƙa komawa inda suka fito, roba ta gaba ta ƙi shiga, a ɓata watanni da kuɗi.

Don haka kafin a biya ko sisi, iyaye su dubi halin ɗansu da idon gaskiya. Yaron da sai an yi ta bin sa kafin ya goge baki, ko wanda ke yawan ɓatar da tabarau da makullin gida, wataƙila waya ce ta fi masa. Haka kuma idan iyaye ne ke son aikin, shi yaron ba ya so.

A watan Ramadan yini kan zo da sauƙi, tunda ba a ci ba a sha. Inda ake asara shi ne tsakanin buɗa-baki da sahur, lokacin da akan yi ta ɗan taɓa wannan da wancan, roba na ajiye a gefe har gari ya waye. Abin da ya fi shi ne a ƙayyade lokutan cin abinci, a goge baki, a mayar da ita.

Zafin Jidda ma abin lura ne. Robar da aka bari a cikin mota da rana na iya lanƙwashewa, haka ma idan an wanke ta da ruwan zafi. Wadda aka naɗe a takarda a kan faranti kuwa, kwandon shara ne makomarta, shi ya sa ake ba da akwatinta.

Tsafta da haɗurra

Tun da ana cire ta, goge haƙora da buroshi ko asuwaki ya fi sauƙi fiye da mai waya, kuma babu ƙarfen da zai yanki leɓe. Amma idan aka sha lemon kwalba ko shayi mai sukari da roba a baki, ruwan kan shige ƙarƙashinta ya kwanta a jikin haƙora, inda yawu ba ya isa ya wanke. Sakamakon shi ne fararen tabo da ruɓewa. Ruwa ne kaɗai ake sha da ita. Gahawa da shayi da goro kuma na rina ta.

Wannan gargaɗi na da nauyi a Saudiyya. Wani nazari da mujallar Saudi Dental Journal ta wallafa a 2013 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na yaran ƙasar na da ruɓewa a haƙoran nono, kimanin kashi 70 kuma a haƙoran girma. Ƙa'ida ita ce a cike duk wani rami, a warkar da dasashi, kafin a fara motsa haƙora.

Ciwo kaɗan na kwana biyu ko uku bayan sauya roba abu ne da aka saba, haka ma ɗan sauyin furuci a makon farko. Abin da ke buƙatar komawa asibiti shi ne haƙorin da ya sauya launi, ko dasashin da ke janyewa, ko ciwon da ya ƙi lafawa. Kowane irin aikin daidaita haƙora na iya rage tsawon saiwa, yawanci kaɗan, amma a wasu mutane da yawa, kuma hoton ƙashi ne kawai ke nuna hakan.

Wushirya da hukuncin addini

Littattafan likitanci na Turai da Amurka na lissafa tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba biyu cikin abubuwan da ake rufewa. A ƙasar Hausa kuwa wushirya ado ce da ake yabo. Tsarin kwamfuta na iya rufe ta idan ba a ce komai ba, don haka matashiyar da ke son tata ta faɗa wa likita tun ranar farko. A ƙananan yara, tazarar kan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito, saboda haka babu dalilin gaggawa.

Ta fuskar addini, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi hani ga kankare haƙora domin samar da tazara saboda ado. Malamai da dama, ciki har da Sheikh Muhammad bin Salih al-Uthaimin wanda ya rasu a 2001, sun bambanta tsakanin neman ƙarin kyau da kawar da aibi, suka halatta gyaran haƙoran da suka karkace ko suka turo. Wanda ke da shakka kan nasa yanayin sai ya nemi bayanin likita kan dalilin kowane mataki, ya kai wa malamin da ya amince da shi.

Wa ya kamata ya yi aikin?

Ƙwararren likitan daidaita haƙora shi ne wanda ya ƙara karatun shekara biyu zuwa uku ko fiye a wannan fanni bayan digirin haƙori. A Saudiyya, hukumar tantance ƙwarewar ma'aikatan lafiya, wadda aka kafa a 1992, ita ke yi musu rajista, kuma ana iya duba matsayin likita a shafinta na intanet. Ma'aikatar lafiya na karɓar tambaya da ƙorafi ta lambar 937. Tsangayar likitancin haƙori ta Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda na cikin wuraren da ake horar da waɗannan ƙwararru. A Najeriya, Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ce ke ba da lasisi, kuma manyan asibitocin koyarwa irin su na Aminu Kano na da sashen kula da haƙoran yara.

Ga masu zuwa Umara ko ziyara, jarabar ita ce a ɗauki siffar bakin yaro a Jidda, a karɓi robobin shekara guda a jaka, a koma Kano ko Maraɗi. Haɗarin a fili yake. Ana buƙatar likita ya ga yaron kusan kowane mako 6 zuwa 10. Ƙulli na iya ɓallewa, sabon haƙori na iya fitowa, roba na iya daina zama. Idan babu wanda ya amince tun farko zai ci gaba da aikin a gida, kuma yana aiki da irin wannan roba, gara a fara a inda za a ƙare. Haka ma iyalin da zamansu a ƙasar bai tabbata ba har ƙarshen wa'adin.

Robar da ake saya ta intanet ba tare da ganin likita ido da ido ba ta fi haɗari, balle ga yaron da ƙashinsa ke girma. Kamfanin SmileDirectClub na Amurka, wanda ya yi fice a wannan harka, ya rufe a watan Disamban 2023, ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar magani ba mai duba su.

Bayan an gama

Haƙora na da halin komawa mazauninsu na asali. Shi ya sa bayan kammalawa ake ba da wata roba ta tsaro da ake kwana da ita, ko a manna siririyar waya a bayan haƙoran gaba. Likitoci da dama a yau na ba da shawarar a ci gaba da kwana da robar tsaron muddin ana son haƙoran su zauna a miƙe.

A mafi yawan wurare roba ta fi wayar ƙarfe tsada, kuma ba kowace inshora ke biyan wannan aiki ba. Kafin a sa hannu, ya dace iyaye su nemi amsa a rubuce kan waɗannan: mece ce ainihin matsalar, ta haƙora ce ko ta muƙamuƙi? Me waya za ta yi da roba ba za ta iya ba? Wata nawa aikin zai ɗauka? Shin kuɗin ya haɗa da ƙarin robobi, da maye wadda ta ɓata, da robar tsaro? Wane ne zai riƙa duba yaron, kuma me zai faru idan iyali suka tashi daga garin?

Idan likita ya ce yaro bai buƙatar komai yanzu, a dawo bayan wata shida ko shekara, ita ma amsa ce ta ƙwararre. Idan kuma amsar da aka samu ba ta gamsar ba, babu laifi a nemi ra'ayin likita na biyu kafin a taɓa haƙori ko ɗaya.